Gwangwanin daskarar da tusar jaki: ya yi min aiki a yatsa, ya kasa a tafin ƙafar ƙanina

Ba talla nake yi ba, shi ya sa ba zan faɗi sunan kamfanin ba balle kemis ɗin da na saya, ire-irensu suna da yawa a kasuwa kuma in ka juya bayan kwalin kusan duk abu ɗaya ne a ciki, fenti da suna ne kawai suka bambanta.

Tusar jaki ce ta fito min a gefen yatsan da nake riƙe alli da shi, ta kusa shekara tana nan, ba ta ciwo sai dai in na buge ta da ƙofa ko bakin bokiti, amma ni malamin kemistiri ne a wata sakandare kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san yara ba abin da kake rubutawa suke kallo ba, hannunka suke kallo. Hajiyarmu ta ce a ɗaure ta da zare ta bushe ta faɗi, to tawa shimfiɗaɗɗiya ce ba ta da wuyan da zare zai kama. Wanzamin unguwa kuma ya ce Malam kawo hannun minti biyu ne, na ce a'a a bar ni, don ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ake kira HPV, in an yanke ta jini take yi sosai kuma sau da yawa ta dawo har da 'yan rakiya a gefe.

Wata rana na shiga kemis sayen maganin mura sai yaron shagon ya ga yatsan ya ce Yallaɓai akwai maganin wannan fa, na waje ne, daskarar da ita yake yi kamar ƙanƙara. Ya ɗauko min kwali, ciki akwai ɗan gwangwani mai mililita 50, da wani mariƙi na roba, da 'yan soso guda 12 masu kama da kan auduga ta goge kunne amma sun fi kauri, da takardar bayani. Kuɗin da ya faɗa sai da na sake tambaya, wallahi da shi zan cika silindar gas ɗin gidana. Na juya kwalin don in ga wane irin sinadari ne haka mai tsada, sai na ga an rubuta dimethyl ether da furofen. Dariya ta kama ni a tsaye a shagon har yaron ya tsargu.

Dalilin dariyar shi ne, wannan dimethyl ether ɗin, wanda muke taƙaitawa da DME, a kansa na yi furojet ɗina na shekarar ƙarshe a jami'a. Wata shida ina fama da shi a kwamfuta, ina zana masana'antar da za ta haɗa shi, na yi mafarkinsa, na sha faɗan sufabaiza a kansa, amma ko sau ɗaya ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar, a kemis, kusa da man zafi. Ai dole in saya ko don zumunci.

Yadda ake amfani da shi ba wuya. Ka saka soson a mariƙin, ka cusa a kan gwangwanin ka danna na 'yan daƙiƙu za ka ji yana huci, ka zaro za ka ga soson ya jiƙe yana hayaƙin sanyi, ka ɗan jira ya yi fari-fari sannan ka ɗora a kan tusar jakin. Takardar da ke nawa kwalin ta ce daƙiƙa 20 a hannu, 40 a tafin ƙafa, kuma kada a maimaita sai bayan sati biyu, kada a wuce sau uku. Daƙiƙa biyar na farko ba ka jin komai sai sanyi, daga nan sai abin ya koma kamar an ɗora maka garwashi, kuma bayan ka cire ne ma ainihin zugin ke farawa, yatsan ya yi ta bugawa kamar zuciya ta koma can, ni dai na kai kusan awa ina yarfa hannu uwargida tana min dariya wai namiji da kukan yatsa. Washegari ɗan bororo ya tashi a ƙarƙashinta, bayan kwana goma sha wani abu saman ya ɓare amma na ga saura a tsakiya da 'yan ɗigo baƙaƙe, na sake yi karo na biyu, wannan karon ta tafi gaba ɗaya. Yau wata huɗu ba ta dawo ba.

Sai dai ta bar min tabo, kuma wannan ne abin da ban ga an rubuta shi da manyan baƙi a kwalin ba alhali mu ya fi shafa. Wurin ya yi fari fat kamar an ɗiga bilic. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ba sa jure sanyi, su ne ke fara mutuwa kafin sauran, Bature ba zai lura ba amma a fatarmu daga nesa ake hangowa. Nawa ya fara komawa a hankali daga gefe-gefe amma har yanzu ana gani. A yatsa ba komai. Wadda ke tunanin ɗora shi a wuya ko bayan hannu saboda kwalliya ta yi lissafi tukunna, kar a gudu daga ɗan ƙullutu a faɗa farin tabo. Fuska da al'aura kam takardar da kanta ta hana, haka masu ciwon suga, da yara 'yan ƙasa da shekara 4, da tawadar Allah ko duk wani ƙullutun da ba ka tabbatar tusar jaki ba ce.

Ganin tawa ta tafi sai ƙanina ya zo ya ce Yaya nima a taimaka min, tasa a tafin ƙafa take wajen dunduniya, irin wadda nauyin jiki ya danna ta ciki fata mai kauri ta rufe ta, in yana tafiya kamar ya taka tsakuwa. Muka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, muka kankare saman, muka yi daƙiƙa 40 cif. Sau uku muka yi a cikin sati shida. Ya sha azaba, ya yi ɗingishi, saman ya ɓare, amma tushen ko gezau. Ban yi mamaki ba kuma, lissafi ne kawai. Shi DME yana tafasa ne a kusan digiri 25 ƙasa da sifili, furofen a 42 ƙasa da sifili, in suna ƙafewa daga soso a fili sanyin yana ƙara sauka, masu yin irin wannan kaya suna cewa soson na kaiwa wajen 57 ƙasa da sifili. Wanda likitan fata ke amfani da shi a asibiti kuwa ruwan naitirojin ne, digiri 196 ƙasa da sifili. Tsakaninsu akwai tafiya. Kuma 57 ɗin ma a jikin soso ne, kafin sanyin ya ratsa fatar dunduniyar mutumin da ya tashi yana buga ƙwallo ba takalmi ai ya zama ruwan randa.

Dabarar sanyin ma ita ce ta randa, in ka duba. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin randa yana ƙafewa yana jan zafi daga na ciki. A gwangwanin an matse iskar ta zama ruwa, ba ma wani matsi mai yawa ba, kamar ninki 5 na iskar da muke ciki ya ishi DME ya zama ruwa a ɗaki mai sanyi-sanyi, da ka sake shi sai ya nemi komawa iska da gudu, zafin da yake buƙata kuma daga fatarka zai ƙwace.

Yanzu ga babban ƙorafina, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Abin da ke cikin gwangwanin nan ɗan'uwan gas ɗin girki ne, furofen ɗin ma ai shi ne a silinda tare da butan. Yana kamawa da wuta nan take, ya fi iska nauyi don haka ƙasa yake bi yana rarrafe, kuma ba a saka masa warin nan na gas ɗin girki da zai sa ka ankara ba. Yaron kemis bai ce min uffan a kan wuta ba, takardar kuma ta faɗa amma da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa cikin harsuna kusan shida babu wanda yawancin mutanenmu ke karantawa da sauƙi. Ranar da muke yi wa ƙanina karo na biyu muna zaune a tabarma a falo bayan magariba, na danna gwangwanin ke nan yana huci sai ga uwargida ta shigo da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, za ta ajiye a ƙasa kusa da mu kamar yadda ta saba kullum. Ihun da na yi mata har maƙwabta sun ji, ta koma da baya tana cewa Abbansu lafiya, me na yi. Ba ta yi komai ba, gidanta ne, kuma wa zai kawo a ransa cewa maganin da ke yin ƙanƙara zai iya tashi da wuta. A farkon 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan kayan bayan rahotanni 14 na kamawa da wuta, mutane sun ƙone a fata wasu gashinsu ya babbake, a wasu lokutan kyandir ne a kusa. To can ke nan da ba su da kasko, ba su da maganin sauro na kunnawa, ba su da risho a tsakar gida. Duk wanda zai yi, ya fita waje inda iska ke kaɗawa, ya tabbatar ba mai shan taba kusa, soson da aka gama da shi ma a bar shi ya bushe kafin a jefa a shara.

Game da tsadar kuma, nan ne abin ke min ciwo don na san daga ina iskar ta fito. Ba wani sinadari ne mai wuyar samu ba. Ana farawa ne da abin da ake kira singas, wato cakuɗen haidirojin da kabon monoksaid, ita wannan ta biyun ita ce ke kashe mutane a ɗaki in an kwana da janareta. Singas kuma daga kusan duk abin da ke da kabon ake samunsa, iskar gas ta ƙasa in an haɗa ta da tururi a zafin da ya haura digiri 800, ko kwal, ko itace da ɓawon shinkafa da karan dawa. Sai a tura shi ta kan katalis na tagulla da tutiya da alumina a zafin digiri 200 zuwa 300, da matsi ninki 50 zuwa 100 na iska, ka tuna tayar ƙaramar mota ninki 2 ne da ɗan wani abu, sai ya fito a matsayin metanol. Katalis kamar dillali yake, yana haɗa mai saye da mai sayarwa ciniki ya faɗa shi kuma ya koma bencinsa yana jiran na gaba. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fara yin metanol ta singas a 1923 da matsi mai ban tsoro, sai ICI na Ingila ya fito da katalis ɗin tagulla a 1966 wanda ya sauƙaƙa abin, kuma har yau a kansa ake. Daga metanol zuwa DME taki ɗaya ne, ka ɗauki metanol biyu ka cire ruwa ɗaya daga tsakaninsu a kan alumina ko ziyolait, wani irin ma'adini mai ƙananan ramuka, shi ke nan. Abin da nake burge ɗalibaina da shi kullum shi ne ƙwayoyin da ke cikin DME su ne dai a cikin etanol, kabon 2 haidirojin 6 oksijin 1, jeri ne kawai ya bambanta, amma etanol sai digiri 78 yake tafasa shi kuwa wannan ko a firiza ka saka shi iska ne.

Furojet ɗina a kan haɗe matakan biyu ne a tukunya ɗaya, a zuba katalis ɗin metanol da na cire ruwa tare. Hikimar ita ce haɗin metanol yana da taurin kai, in ya taru sai ya tsaya cak, kamar rijiya ce in ba a ɗiba ruwanta wuri ɗaya yake tsayawa, in ana ja kuwa sai ta ci gaba da kawowa. To katalis na biyu shi ne mai guga, yana kwashe metanol ɗin yana mai da shi DME, sai singas mai yawa ya juye a zagaye ɗaya. Japanawa sun gwada haka da gaske a Kushiro da ke tsibirin Hokkaido da masana'antar gwaji mai tan 100 a rana, kamfanin gas na Koriya ta Kudu shi ma ya yi tasa mai tan 10 a Incheon.

Inda na sha wuya shi ne da sufabaiza ya ce in ƙara kabon dayoksaid a cikin abin da ake turawa, iskar nan ta lemon kwalba wadda duniya ke kuka da ita a kan ɗumamar yanayi. A takarda abin daɗi, ka ɗauki hayaƙin masana'anta ka mai da shi mai. A aikace kuwa duk kabon dayoksaid 2 suna cin haidirojin 6, su ba ka DME ɗaya da ruwa 3. Ruwan nan shi ne shaiɗanin aikin. Yana zama a kan alumina ya toshe wuraren aikinsa, yana sa 'yan ƙwayoyin tagullar su dunƙule su rage ƙarfi, sannan yana tura haɗin baya. Duk lokacin da na ƙara kabon dayoksaid a kwamfuta sai in ga layin abin da ake samu yana gangarowa kamar farashin tumatir a kaka. Masu bincike na cibiyar TNO a Holan sun bi ta wata hanya, suna cakuɗa katalis ɗin da wani ziyolait mai shan ruwa yana tsotse shi tun a cikin tukunyar, in ya ƙoshi a busar da shi a sake. Kuma ko an magance ruwa saura haidirojin, in daga gas ko kwal ka samo shi to ka fitar da hayaƙin da kake cewa kana kamawa, in kuma daga ruwa za ka raba shi da lantarki to sai inda wuta ke da arha. Shi ya sa masana'antar da ta yi suna wajen mai da kabon dayoksaid metanol take Aisland, ta fara aiki a 2012, daga baya ta kai tan 4,000 a shekara, don su daga ƙarfin ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa suke samun lantarki. Ni da na rubuta rabin furojet ɗin da fitilar waya na san wannan ɓangaren ba namu ba ne tukunna. Na singas daga iskar gas kam muna da shi, a Escravos ta jihar Delta tun 2014 ana mai da gas singas ana fitar da dizal, ga kuma wanda ake ƙonawa a banza a Neja Delta dare da rana.

Wanda bai taɓa sayen wannan gwangwanin ba ma wataƙila yana da DME a gida bai sani ba, a duba bayan feshin gashi ko na hammata, tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina iskar CFC mai huda lemar sararin sama aka koma irinsa da butan wajen turo abin da ke cikin gwangwani. Yana aiki a injin dizal ma, kuma ba ya baƙin hayaƙi saboda babu kabon da ke manne da kabon a jikinsa, Volvo sun gwada manyan motoci da shi a Suwidin. A China daga kwal suke yinsa da yawa, har masu sayar da gas suka riƙa cakuɗa shi a silindar girki a ɓoye don ya fi arha, alhali zafinsa bai wuce kashi biyu cikin uku na gas ɗin girki ba a kilo, wajen megajul 29 ne a kan 46, ga shi yana cin robar da ke toshe bakin silinda har ta fara yoyo, sai da hukuma ta hana. Indonesiya ta aza harsashin katafariyar masana'anta a kudancin Sumatra a Janairun 2022 don ta rage shigo da gas ɗin girki, kamfanin Amurka da zai zuba kuɗin ya janye a 2023. Abin da ake lissafinsa da tan ke nan, ni kuma na sayi cokali uku da 'yan kai a kuɗin silinda guda. Na san soso da mariƙi da rajista da dala duk suna ciki, amma dai.

In maki zan bayar, 3 cikin 5. Ga ƙaramar tusar jaki a yatsa ko bayan hannu wadda ba ta yi kauri ba, ga wanda ba ya son layin asibiti, yana yi, kuma sau biyu ya ishe ni. Ga ta tafin ƙafa da ta daɗe kada ka ɓata kuɗinka. Akwai kuma ruwan salisilik asid da ake ɗigawa kullum na wasu makonni, ya fi arha nesa ba kusa ba kuma ba ruwansa da wuta, haƙuri kawai yake so wanda ni ba ni da shi. Na yara ma da yawa da kansu suke ɓacewa cikin shekara biyu ko ba a taɓa su ba, don haka ban ga dalilin danne yaro ɗan firamare yana ihu a ɗora masa wannan ba.

Ƙanina dai ya je asibiti wajen likitan fata, an yi masa da naitirojin, ya ce min Yaya naka wasa ne, wannan sai da na kira sunan Hajiya. Zai koma karo na biyu sati mai zuwa. Gwangwanin da sauran soso 7 na ɗora su can saman wadirob inda yara ba sa kaiwa, nesa da taga saboda zafin rana, kuma uwargida ta kafa doka cewa in zan sake taɓa shi sai dai a bayan gida wajen bishiyar darbejiya.